Ɗan Yayata Soja Da Ƙafar Da Ta Maido Shi Gida

Na daɗe ina son yin wannan rubutu, amma sai da na nemi izinin mai labarin. Ya ce in rubuta, da sharaɗin kada in faɗi sunansa ko inda ake ba su horo. Na yarda. A Dandin Mahe dai kowa "Soja" yake ce masa, har mahaifiyarsa, ni ma haka zan kira shi.

Ɗan yayata ne. Ya yi wata shidansa na kurtu a Zariya, ya fito, ya shekara huɗu yana aiki, yawanci a daji. Bara sai sunansa ya fito cikin waɗanda za su je kwas na dakarun musamman, irin waɗanda ake turawa inda abin ya fi ƙamari. Ranar da ya kira ni ya faɗa min, ka ce kujerar Makka aka ba shi.

A mako na biyar ya sake kira na, cikin dare. Ya ce, "Kawu, ƙahwata ta matsa min. Wuri guda ne bisa ƙwabri, in na taɓa shi kamar an sa min wuta." Kun san amsar da na ba shi? Na ce, "Haba Soja, namiji ne fa kai. Daure. Ciwon ƙafa ba ya kashe mutum." Ni da nake zaune a ofis ƙarƙashin fanka, tafiyata mafi nisa daga inda nake ajiye mota zuwa hawa na biyu, ni ne na ba da wannan fatawa. Ya ce to. Ya ɓoye wa malamansa, ya ɓoye wa likitan sansani, yana haɗiyar maganin kashe zafi yana gudu da kaya a baya har mako uku. Ranar da ƙafar ta ƙi, faɗuwa ya yi tsakiyar tafiya, abokansa suka ɗauko shi.

Daga baya na zauna da likitan ƙashi ya yi min bayani, kuma ina so iyayen yaran da ke kaki su ji shi. Akwai karayar da ba faɗuwa ko haɗari ke kawo ta ba. Ƙashi abu ne mai rai, kullum yana zaizayewa yana sake ginuwa. Idan aka ɗora masa gudu da nauyi fiye da saurin da yake gyara kansa, sai ya soma tsagewa kaɗan-kaɗan, kamar katangar laka da damina. Alamarta ciwo a wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa da aiki. Abin haushin, a makonnin farko hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai. In an kama ta da wuri, hutun mako shida zuwa takwas kan isa. Ta Soja kuwa, saboda ya danne zafin da ƙwayoyi ya ci gaba da taka ta, likita ya ce wata uku ko gudun kama akuya kada ya yi.

Har yau in na tuna wayar nan sai in ji wani iri.

Aka ba shi takardar hutun jinya, ya sauka gida da sanduna biyu, ana tsakiyar hunturu. Kafin ya sha ruwa Yaya ta aika a kira maɗori. Ni ban raina maɗora ba, na ga ƙafafun da suka miƙar a garinmu. Amma na ce mata, "Yaya, wannan ƙashin bai goce ba, babu abin da za a ja a haɗa. Hutu yake so." Mun kai ruwa rana. Ƙarshe dai muka shirya: dattijon ya zo, ya yi tofi, ya shafa man shanu, ba ja, ba ɗaure kara. Shi ma da ya lalluba wurin cewa ya yi a bar yaro ya kwanta.

Ashe ƙafar ce mai sauƙi. Mako biyu da dawowarsa aka fara magana a majalisa: korarsa aka yi, ya gudu, ya kasa. Wanda bai taɓa ɗaukar buhun gero daga gona zuwa gida ba shi ma yana da ta cewa. Sai kuma ranar da aka yaye 'yan ajinsu, hotuna suka riƙa shigo masa ta WhatsApp, kowa da sabuwar alama a kafaɗa. Daga ranar ya daina fita ko ƙofar gida. Na zo ƙarshen mako na tarar da shi kwance a zaure, fuska ga bango, ƙafar ta motse ta zama siririya kamar ba tasa ba. Abinci sai an yi da gaske. Yaron da ke cika gida da dariya, gaisuwa ma da kai yake amsawa.

Ita kuma Yaya ta samu ƙofa. Kullum maganarta ɗaya: "Allah ne yam maido min kai. Ɗiyan mutane nawa anka kashe? Ka aje aikin ga, ga gona, ga kawunka ya nema maka wani abu birni." Kuma wallahi ban ga laifinta ba. Duk mai sauraren labaran Sabon Birni, Isa da Tangaza ya san inda ake kai masu irin wannan horo. Uwa ce. Ni kaina na fara tunanin wa zan gani a ma'aikata.

Wanda ya tayar da shi wani tsohon saje ne mai ritaya a unguwarmu, cikin waɗanda suka je Laberiya zamanin ECOMOG. Bai yi masa wa'azi ba. Ya shigo da littafin rubutu na 'yan firamare da biro, ya ce, "Tashi zaune. Ƙahwa guda ta lalace, hannuwa fa? Ciki fa? Mi ya same su?" Ya tsara masa aiki kamar fareti: bayan sallar asuba, motsa hannuwa da ciki a kan tabarma, lilo da reshen dogonyaron da ke tsakar gida, kowane adadi a rubuta. Nono, ƙwai, wake, kifi in an samu. Taba kuma ya ce ko ƙamshinta, don tana jinkirta haɗewar ƙashi, abin da likita ma ya tabbatar. Kullum da hantsi saje zai zo ya duba littafi ya sa hannu, kamar wani kwamanda.

Na raina abin da farko. Amma na lura mutumin da ya saba da umarni, zaman banza ke kashe shi. Da ya samu wanda zai ba shi aiki ya kuma tambaye shi lissafi, sai ya dawo mutum.

Bayan an sake hoto likita ya yarda, aka ajiye sanda ɗaya, sannan ta biyun. Tafiya zuwa masallaci. Sai zuwa bakin titi. Sai keke. Sai gudun minti ɗaya, tafiyar minti huɗu. Doka guda ce: in wurin nan ya yi ciwo, a koma matakin baya. Sau ɗaya ya karya ta. Ya ji ƙarfi, ya saki gudu har bayan gari, washegari yana ɗingishi. Mako biyu ya yi asara. Saje ya yi masa faɗan da makwabta suka jiyo, ya ce masa jarumtar banza ce ta kawo shi gida tun farko. Ina wajen, na sunkuyar da kai, don na san wa ya koya masa ita.

Wani abu da na karanta ya ba ni mamaki. Sojojin kundumbala na ruwa na Ingila, Royal Marines, a sansaninsu na Lympstone suna da kamfani guda mai suna Hunter, aikinsa kawai jinyar kuratan da suka ji rauni har su koma cikin horo. Wato su sun ɗauka rauni wani ɓangare ne na hanyar. Mu kuwa a gida, mu iyaye da abokai, yaro ya ce wash sai mu ce rago ne, ya dawo da sanda mu ce an kore shi. Na ba Soja wannan labari, ya yi dariya ya ce to shi nasa kamfanin mutum ɗaya ne, saje ne kwamanda, Inna ce mai kula da abinci.

Wata biyar cif ya yi. Likitocinsu suka duba shi suka ce ya warke, aka ce zai iya bin rukuni na gaba, amma daga rana ta farko, makonni takwas ɗin da ya yi sun tafi. Na tambaye shi tsakani da Allah ko yana so, don in bai so ni zan tsaya masa. Ya ce, "Kawu, so nikai in koma. Amma wannan karon in na ji ciwo, likita za ni, ba kai zan kira ba." Na ce na cancanci wannan.

Ranar Asabar da ta wuce na kai shi tasha. Yaya ba ta raka mu ba, ta ce ba ta iya gani. Sai da muka kusa Bodinga ya buɗe jaka neman caja, ya ci karo da ƙullin ƙuli-ƙuli da kilishi, da littafin saje a naɗe cikin leda. Bai san lokacin da ta saka su ba. Jiya ya turo saƙo cewa sun fara, za a karɓe wayoyi. Ku sa shi a addu'a, shi da abokansa. Ni kuma an bar ni da Yaya, tana kira na sau uku a rana tana tambaya ko na ji wani abu.