Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Jekadafari ko Herwagana ya san yadda maigida kan ce wa yaronsa, "yi masa irin na Sallah," yaron kuwa ya fahimci awo da yanka da aiki gaba ɗaya. To, abin da masana kwamfuta ke kira makro ke nan, wato gajeren suna mai ɗauke da dogon umarni.

Mu ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, mukan haɗu da shi lokacin aikin kammala digiri, sa'ad da muka ɗauko manhajar da wasu suka rubuta domin mu harhaɗa ta a na'urarmu. Autoconf, wanda David MacKenzie ya fara rubutawa a 1991, shi ke shirya mana hanya. Shi kuma ya dogara ne ga m4, wanda Kernighan da Ritchie suka ƙirƙira a 1977, domin warware kowane makro.

Sai dai fa m4 ba ya gardama. In ya ci karo da sunan da bai sani ba, alal misali PKG_CHECK_MODULES, sai ya bar shi yadda yake ya wuce. Can gaba, configure ya tsaya cik, yana kukan wani layin da ba shi da laifi. A nan ne ɗalibi kan goge komai ya sake saukewa, kuɗin data su ƙare, batir ya mutu, ga ranar miƙa aiki ta matso.

Alhali kuwa maganar ba ta kai haka ba. Ma'anar wannan suna tana cikin ɗan fayil mai suna pkg.m4, wanda ke zuwa tare da pkg-config. In aka girka shi, aclocal zai same shi a /usr/share/aclocal. In kuwa yana wani wuri, sai a nuna masa hanya da ACLOCAL_PATH, a sake kiran autoreconf.

Shi marubucin manhajar bai ɓoye mana komai ba. A gidansu kowa ya san wannan kalma, shi ya sa bai faɗa ba. Mu baƙi ne, kuma baƙon da guzirinsa bai da yawa ba ya yawon lalube. Saboda haka kafin mu taɓa maɓallin gogewa, tambaya ɗaya muke yi: wannan suna, ɗan gidan wa ne?