Almakashi da Fitila

A shekarar 2015, sa'ad da ɗaukewar lantarki ta addabi Nima da Mamobi a Ankara ta Gana, wani tsohon tela idonsa ya daina ganin kafar allura. Ɗinki ya tsaya, cefane ya gagara. Sai ya ɗauki almakashinsa ya riƙa yanka takardar buhun siminti, yana fitar da raƙuma da taurari, yana sayarwa gab da Kirsimeti. Da dare yakan kunna fitila a bayansu, inuwarsu ta hau bango, jikoki su kewaye shi. Yakan matsar da raƙumin kusa da wutar ya ce, "Ku duba, ƙaramin abu in ya kusanci haske, inuwarsa takan cika ɗaki."