Alkyabbar Aro

Mu uku ne muka koma gida Azare hutun zango da aikin da malaminmu na adabi ya ɗora mana, wato mu fito da jigo da siffantawa a cikin Makbes, wasan ban tausayin nan da Shekspiya ya rubuta wajejen 1606. Makin aikin shi ne zai raba gardama, ko mu haye ko mu maimaita darasin, ga shi kuwa Turancin wasan ya tsufa, sai an tauna kafin a haɗiye. Don haka muka nemi yanke. Muka zuba wasan a kwamfuta, muna ba ta kalma tana ƙirgo mana wuraren da ta fito.

Da farko abin ya yi armashi. Kalmar jini da danginta sun fito fiye da sau 40, dare da barci na biye, har muka fara jin mun gama da Shekspiya. Sai muka tuna malam ya ambaci Caroline Spurgeon, wadda a littafinta na 1935 ta yi irin wannan ƙirga da hannu, ta kuma nuna cewa hoton tufafin da ba su dace da mai su ba ya ratsa wasan. Muka nemi kalmar tufafi, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Nan take muka rubuta, da ƙarfin halin ɗalibi, cewa baiwar Allah ta yi zuƙu.

Ana haka sai ɗaurin aure ya kai mu garin Katagum, tsohuwar fadar da Malam Zaki ya kafa, inda sarauta ta zauna kafin a dawo da ita Azare a 1916. A can kakan ɗayanmu, tsohon maɗinkin manyan riguna, ya tambaye mu me muke karantawa. Muka ba shi labarin jarumin da ya kashe sarkinsa yana barci a gidansa, ya haye gadon. Tsohon ya ajiye allura ya ce, "To jikokina, alkyabbar ta zauna masa kuwa? Ai zanen aro ba ya rufe katara."

Muka dubi juna, domin ko kusa ba mu yi masa zancen sutura ba. Ya ƙara da cewa a maganar sarauta ba ka jin an ce tufafi, sai dai rawani, ko alkyabba, ko kufta, ko amawali, kowanne da sunansa da matsayinsa.

Da muka dawo Azare muka sake karanta wasan da ido, layi bi layi, kwana huɗu. Ashe hoton na nan, ya ɓuya ne a ƙarƙashin kalmomi dabam-dabam. Tun a kashi na farko Makbes ke kwatanta sabuwar sarautarsa da rigar aro, abokinsa Banko kuma na kallonta kamar sabon ɗinkin da bai bi jiki ba tukuna. A kashi na biyar, sa'ad da mulki ke suɓuce masa, an siffanta shi da wadan ɓarawo cikin rigar ƙato. Kwamfuta ba ta yi mana ƙarya ba, kalma ɗaya muka ba ta, ita kuwa ta kawo.

Muka yage shafin da muka zargi Spurgeon, muka jera sunayen sutura iri-iri da muka tsinto a karatun, sannan muka sake kunna kwamfutar.