Wanda Ya Gina Gidanmu

Ɗana na fari yana aji biyu a sakandaren kwana, wadda ya shiga albarkacin karatun kyauta da gwamnati ta soma a 2017. Kullum in ya zo hutu, damuwarsa ba ta wuce akwatin guzuri: gari, da shito, da sukari, da sabulu. Amma a hutun Kirsimeti da ya wuce sai ya zo da wani kaya dabam. Malaminsu na tarihi ya ce kowane ɗalibi ya rubuto tarihin unguwarsu, kada kuma a kwafo daga waya. Sai sun zauna da dattawa, sun rubuta wanda ya faɗi magana da ranar da ya faɗe ta.

Yaron ya ce, "Baba, wane tarihi ke Nima? Kwata ce kawai da cunkoso."

Ni dai ban wuce firamaren mishan ba, amma na daɗe ina koyar da katikizim. Na tuna masa da Luka, wanda bai ga Ubangiji da idonsa ba. Waɗanda suka gani ya bi, ya bincika, sa'an nan ya rubuta wa Tiyofilus. Ran Lahadi bayan sujada na tara shi da 'yan makaranta huɗu na ikilisiyarmu masu irin wannan aiki, na gargaɗe su. Ku gai da tsoho sosai kafin tambaya. Ku riƙe goro. Kada ku cusa masa waya a baki sai ya yarda. Kowace magana kuma ku raba ta biyu, abin da mutum ya gani da abin da aka gaya masa.

Tun a sunan unguwa suka cije. Dattawan bakin masallaci suka ce daga "ni'ima" ne, suka ba su labarin Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, wanda ya sami filin daga hannun Gāwan Osu a farkon shekarun 1930. Wani dattijo Bagā kuwa ya ce sam, sunan daga harshensu yake. Yaran suka dawo suna tambaya wanne za su rubuta. Na ce su rubuta duka biyu, kowanne da mai shi.

Sa'an nan muka je wurin Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta sayar da wake da shinkafa a bakin layinmu tun kafin a haife ni. Ita ta kai su 1969. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba da doka, duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Ta ce ta ga mutanen da aka haifa nan Nima da Maamobi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Ilori ba, suna hawa manyan motoci da yara a goye. Ta ga ana sayar da gadaje da tukwane da ɗakuna a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ita ta tsira ne domin mijinta Badagombe ne.

Ɗana ya ce, "Kaka, to gidanmu fa, wa ya gina shi?"

Hajiya ta dube ni. Ta ce, "Malam, in faɗa masa?" Na ce ta faɗa.

Ta ce wani tela ne Bakatsine ya gina ɗakunan nan huɗu. Kwana uku kafin wa'adi ya cika ya sayar wa mahaifina, a kan kuɗin da ko kwanon rufi ba za su saya ba.

Mahaifina ya zo daga Navrongo, inda Fararen Fada suka kafa mishan a 1906. Gadi ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ya sha gaya mana cewa gidan nan guminsa ne, ya rasu kuma a kan haka. Gaskiya na taɓa jin ƙishin-ƙishin, amma ban taɓa tambaya ba, gama ban so in sani ba.

Da dare yaron ya zo da littafinsa. "Baba, in cire wannan shafi?" Ban ba shi amsa ba. Ni ne nake tsayawa gaban yara ina koya musu dokar girmama iyaye, ni ne kuma nake koya musu wadda ta hana shaidar zur, ban taɓa zaton za su tare ni a dare ɗaya ba. Na yi addu'a, barci bai zo ba.

Da gari ya waye na ce mu koma mu bi ƙa'idar da na kafa musu. Muka tambayi Hajiya me ta gani, me kuma ta ji. Ta ce kuɗin ji ta yi a bakin mata, ba a ƙirga a gabanta ba. Abin da ta gani shi ne mahaifina ɗauke da kayan telan a ka har tasha, su biyun suna kuka. Ta ce kuma keken ɗinkin bai shiga mota ba, sai telan ya bar shi amana. Na san keken. Singer ne baƙi, yana ɗakin mahaifiyata lulluɓe da zane. Muna yara an sha dukanmu a kan taɓa shi, ba a taɓa gaya mana dalili ba. Da na tambaye ta sai ta ce, "Na mutane ne." Game da kuɗin gida kuwa ta ce, "Abin da muke da shi ke nan, shi kuma ba shi da lokaci."

Yaron ya rubuta duka, na gani a gefe ɗaya, na ji a gefe ɗaya. Ya je ma'ajiyar takardun gwamnati a Accra ya tabbatar da ranar dokar, 18 ga Nuwamba. Ya ƙara da labarin kawuna, wanda aka koro daga Legas a 1983 lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, ya iso Nima da jaka ɗaya.

Ya koma makaranta da akwatin garinsa da shafi goma sha ɗaya. Hajiya ta tuna sunan telan da na unguwarsu a Katsina. Na rubuta su a takarda na ba wani direba mai kai goro Nijeriya, ya ce in Allah ya yarda zai tambaya.