Kwalin da Ke Ƙarƙashin Tebur

An haife ni a Zangon Kumasi, a ƙasar Gana, cikin gidan fataken goro. A shekarar 2001 na tafi Ingila karatu, kuma kamar yawancin ɗalibai baƙi, sai da na haɗa karatun da neman abin sawa a bakin salati. Daga 2003 zuwa 2007 na yi aiki a wani ƙaramin kamfanin faifan waƙa mai zaman kansa a kudancin Landan, wanda ya fi mai da hankali ga kiɗan Afirka. Mu uku ne kacal: mai kamfanin, da wata mata mai riƙe da lissafin kuɗi, sai ni ɗan aike, mai ɗaure kaya da kai su gidan waya. A ƙarƙashin teburina akwai wani babban kwali. A cikinsa ake zuba faifan gwaji, wato 'yan waƙoƙin da sabon mawaƙi kan ɗauka da kuɗin aljihunsa, ya aiko wa kamfani da fatan a saurara a ɗauke shi.

Akwai dalilin da ya sa sababbin mawaƙa ke ƙwanƙwasa ƙofar ƙananan kamfanoni. Manya irin su Universal da Sony da Warner ba su cika karɓar waƙar da ba su nema ba, sai ta hannun lauya ko wakilin da suka sani. Suna gudun kada wata rana wani ya kai su kotu, ya ce an saci waƙar da ya aiko. A ƙaramin kamfani kuwa, mai yanke hukunci shi ne mai buɗe ƙofa. Mawaƙan Ingila da yawa sun san labarin kamfanin Rough Trade, wanda Geoff Travis ya fara a matsayin kantin sayar da faifai a yammacin Landan a 1976. A 1983 wasu samari daga Manchester, 'yan ƙungiyar The Smiths, suka miƙa masa kaset hannu da hannu. Ya saurara, kuma a cikin shekarar ya fitar da waƙar a faifai. Irin wannan labari ne ke cika kwalinmu.

Ranar Juma'a da la'asar muke zaman saurare. Ni ke buɗe ambulan in sa faifai, mai kamfanin ya jingina da kujera ya rufe ido. Da wuya waƙa ta kai minti ɗaya bai ɗaga hannu ba, alamar in cire. Da farko abin ya yi mini kama da wulaƙanci. Da na daɗe, sai na gane cewa tambayoyi uku yake yi wa kansa. Shin wannan irin kiɗan da masu sayen faifanmu ke nema ne? Shin muryar ta mai ita ce, ko kwaikwayon wani yake yi? Shin zai iya tsayawa gaban jama'a ya riƙe su? Bayan waɗannan kuma ga maganar kuɗi. Faifai huɗu ko biyar muke iya fitarwa a shekara, kuma kowanne sai an biya ɗakin ɗaukar murya, da mai tace sauti, da masu buga faifai, da masu rarraba shi a kantuna. Idan biyu suka yi kwantai a jere, kuɗin haya ma sai ya gagara. Saboda haka kashi uku muke yi: waɗanda aka ƙi, da waɗanda za a sake ji, da ɗan ƙalilan da za a kira masu su. Waɗanda aka ƙi, ba ma rubuta musu komai. Mai kamfanin yakan ce ba mu da lokaci, kuma shiru ma magana ce.

A damina ta 2005 wani matafiyi ya kawo mini saƙo daga gida: garin rogo, da yaji, da faifai guda a naɗe cikin leda. A lokacin kiɗan hiplife yana tashe a Gana, kuma 'yan ƙungiyar VIP, waɗanda suka fito daga unguwar Nima ta birnin Akara, sun nuna wa samarin zango cewa nasu ma na iya yin suna. Faifan na ɗan goggona ne, ƙanwar mahaifina, yaro ɗan shekara 19. Da dare na sayi katin waya na kira gida.

"Ɗana," in ji Goggo, "ga amanar ƙanenka nan na aiko. Ka ga dai mahaifinsa ba ya raye. Ka sa a duba masa."

Na ce, "To, Goggo. In Allah ya yarda za a duba."

Ranar Juma'a na sa faifan a tsakiyar sauran, ban faɗi ko na wane ne ba. Waƙar farko da Turanci take, cike da kwaikwayon mawaƙan Amurka, har da sunayen titunan da yaron bai taɓa takawa ba. Ba a yi nisa ba hannu ya ɗagu. Na cire faifan, amma maimakon in jefa shi inda ake jefa sauran, sai na sa shi cikin jakata.

Shi wannan yaro taubashina ne, abokin wasana. Tun yana ƙarami babu irin tsokanar da ba ma yi wa juna, har a gaban manya. Amma gaskiyar da ba ta wasa ba ce, sai ta gagare ni faɗa. Duk lokacin da ya kira, nakan ce ana nan ana dubawa. Da kiran ya yi yawa, sai na daina ɗauka. Haka muka yi wata bakwai. A wannan tsakanin Goggo ta gaya wa maƙwabta cewa waƙar ɗanta ta isa Ingila. Shi kuma aka ba shi gurbin koyon aikin lantarki a wata makarantar sana'a, ya ƙi zuwa, don kada kira ya zo daga Landan a tarar ba ya nan. Ban ji wannan ba sai daga bakin yayata, bayan an rufe ɗaukar ɗalibai.

A daren da na ji labarin na zaro faifan, na saurare shi daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba. Waƙoƙi shida ne. Biyar duk irin ta farkon ce. Ta shida kuwa da Hausa ya yi ta, Hausar zango, da kalangu kaɗai a bayanta. A ciki yana ba da labarin mahaifinsa da huhunan goro a bayan babbar mota, da yadda yakan ƙirga kwanakin dawowarsa. Muryar ba ta yi kama da ta kowa ba. Ya ajiye ta a ƙarshe ne saboda yana ganin ba ita Turawa za su so ba.

Washegari na roƙi mai kamfanin ya saurari wannan waƙa guda. Ya ji ta har ƙarshe bai ɗaga hannu ba. Sannan ya ce waƙa ɗaya ba ta yin faifai, kuma ba shi da ƙarfin ɗauko mawaƙi daga Kumasi. Amma in yaron ya yi wasu irinta, a kawo masa. Na kira taubashina na gaya masa komai, har da cewa tun makon farko aka ƙi faifan. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke.

"Yaya," in ji shi, "ai ƙin ba komai ba ne. Da ka faɗa mini a lokacin, da na yi fushin kwana biyu na tafi makaranta."

Ban sami abin cewa ba, sai haƙuri na ba shi.

Daga baya na karanta yadda Elvis Presley ya shiga ƙaramin kamfanin Sun da ke Memfis a Amurka. A 1953, yana ɗan shekara 18, ya biya kimanin dala 4 aka ɗauki muryarsa. Ba a ɗauke shi aiki a ranar ba. Amma matar da ke kula da ofishin, Marion Keisker, ta rubuta sunansa ta ajiye. A 1954 mai kamfanin, Sam Phillips, ya sa aka kira shi, kuma a 1955 kamfanin RCA ya sayi kwantiraginsa a kan dala 35,000. Jama'a na ba da wannan labari don nuna sa'ar mawaƙi. Ni abin da na gani a ciki shi ne aikin mai zama kusa da ƙofa. Ba ita ke yanke hukunci ba, amma ba ta bar abin da aka miƙa mata ya salwanta ba.

Tun daga lokacin na nemi izinin mai kamfanin in riƙa amsa wa kowa. Layi biyu ko uku nake rubutawa: mun saurara, ba za mu ɗauka ba, ga waƙar da ta fi, ga dalili. Wasu sukan maido da zagi, wasu da godiya, amma ba wanda ya sake ɓata wata bakwai yana jiranmu. Ga mai aikowa kuma, shawarata ba ta canza ba: ya binciki irin kiɗan da kamfani ke fitarwa kafin ya aika, ya taƙaita a kan waƙa uku, ya sa wadda ta fi kama da shi kansa a gaba, ya kuma rubuta sunansa da lambar wayarsa a jikin faifan, domin ambulan yakan ɓata.

Yau babu kwali a yawancin irin waɗannan ofisoshi. Kamfaninmu ya rufe da kasuwar faifai ta faɗi, kuma matasa ta intanet suke tura waƙa, wasu ma su fitar da ita da kansu a SoundCloud ko Bandcamp. Amma jiran amsa yana nan yadda yake. Taubashina bai zama shahararren mawaƙi ba. A shekara ta gaba ya shiga makarantar, kuma yanzu da aikin lantarki yake ci da iyalinsa. A bayan shagonsa yana da ɗan ɗaki inda yake ɗaukar muryoyin yaran unguwa. Da na je gida na zauna tare da shi ina kallo. Na lura ba ya tsayar da waƙa sai ta kai ƙarshe, kuma yaro ba ya fita sai ya ji gaskiya. Da ya ga ina kallonsa, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, a wurinka na koya, amma a juye."