Ashe Fataken Gwanja Ne Suka Haife Mu!

Kai! Jama'a, ku tsaya ku ji! Tambaya ɗaya tak na yi wa Goggo, yayar mahaifinmu, muna zaune tana ɓare gyaɗa. Na ce, "Goggo, wai shi kakan Baba, mece ce sana'arsa?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "Au, sai yau? To zauna, ɗan nan."

Wallahi har aka kira la'asar ban motsa ba!

Fatake ne! Fataken goro! Agalawa, irin su Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji a 1877. Ni da nake jin Gwanja a bakin mutane kawai, ashe ƙasa ce sosai a arewacin Gana, da babbar kasuwarta Salaga. Kuma da ƙafa kakanmu ya taka ta. Da ƙafa fa! Ayari guda, jakuna rututu, madugu ne shugaba, jagaba na nuna hanya. A ɗora kanwa, da baƙin rini, da jemammiyar fata. A haye Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu, a yi ta tafiya wata da watanni. A dawo da goro a naɗe cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana tsince ruɓaɓɓe, don kada ya lalace kafin Kano.

Na ce, "Goggo, a wace shekara ke nan?" Ta yi dariya har da tafa hannu. Ina ruwanta da shekara! Ita lissafinta daban ne: wane an haife shi ana yaƙin basasa, wance an yi mata aure zamanin Sarki Alu, shi kuwa wane ya rasu a yunwar Kakalaba.

To nan fa abin ya yi daɗi! Ai duk waɗannan suna da shekaru a rubuce. Basasar Kano, tsakanin Tukur da Yusufawa, a 1893 ta tashi. Alu ya yi sarauta har zuwan Nasara a 1903. Kakalaba kuwa wajejen 1914. Sai ga ni da biro ina jera mutane, ina jera su, wane kafin wane, kowa na faɗawa gurbinsa. Tsikar jikina har tashi take!

Ba ta gama da ni ba. Ta sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. Ƙura! Warin tsohuwar fata! A ciki, gafaka, da Alƙur'ani rubutun hannu, takardun sun yi ja, gefensu duk gara ta ɗanɗana. A tsakiya kuma wata 'yar wasiƙa da ajami. Na kasa karantawa, na ruga wurin limamin unguwarmu. Ya gyara tabarau, ya bi ta a hankali, sai ya ɗago kai: "Ai wannan daga Karachi ta fito."

Kete Karachi ta Gana! Ƙanen kakanmu ne ya aiko ta, yana gaida gida, yana cewa ya yi iyali. Kuma zancen ya hau daidai, domin bayan yaƙin da ya tarwatsa Salaga a 1892, Hausawa da yawa can suka koma, har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a can a 1934. Wato a wani zango na Gana, yanzu haka, akwai masu jinina suna yawo, ba su san ni ba, ban san su ba. Kai! Kai!

Ni dai yanzu ba a kama ni. Duk tsohon da na gani a dangi sai na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro, na kunna rakodar waya. Kuma tsofaffin mata sun fi, ku yarda da ni: maza sarauta da gonaki suke ba ka, mata kuwa sun san wa ya auri wa, wa ya yi yaji, wa ya tafi bai dawo ba.

Saura Kaduna! Akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda rahotannin gundumomi da na haraji na zamanin Turawa suke jibge, ga kuma Arewa House, gidan Sardauna na dā. Sunan ƙauyenmu da na dagacinsa na wancan lokaci suna aljihuna, na ma riga na tambayi kuɗin mota.