New Lanark: Ƙauyen da Masaƙa Ta Haifa

A ƙasar Sikotland, cikin wani kwari da kogin Clyde ke gangarowa da ƙarfi, akwai ƙauyen da ake kira New Lanark. Yawancin ƙauyuka a hankali suke girma, gida bayan gida. Wannan kuwa tsara shi aka yi. Wajen shekarar 1785 wani attajirin Glasgow, David Dale, ya ga ruwan nan zai iya juya injunan kaɗin auduga, sai ya gina masaƙu a bakinsa. Da yake wurin ba kowa, dole ya gina wa ma'aikata gidaje, sannan ya nemo mutanen da za su shiga.

Daga nesa aka tattaro su. An kawo ɗaruruwan marayu daga gidajen gajiyayyu na Edinburgh da Glasgow. A 1791 guguwa ta tilasta wa wani jirgin ruwa mai ɗauke da mutanen tsibirin Skye, waɗanda suka nufi Amurka, ya tsaya a Greenock. Dale ya yi musu tayin aiki da muhalli, da yawansu suka amsa.

A 1800 surukinsa, Robert Owen, ya karɓi ragamar wurin. Ya hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara goma ba, ya rage sa'o'in aiki, ya buɗe kanti mai kaya masu kyau da rahusa. A 1816 ya buɗe makarantar da ke karɓar har yaran da suka fara tafiya. Lokacin da Amurka ta hana fitar da auduga, injuna suka tsaya wata huɗu, amma ya ci gaba da biyan cikakken albashi.

Sai dai alherin ya zo da linzami. A gefen kowane ma'aikaci an rataye ɗan katako mai fuska huɗu: baƙa, shuɗiya, rawaya da fara. Launin da aka juyo waje shi ke shaida wa kowa halin mutum na jiya, baƙi ga mai laifi, fari ga nagari. Mashayi yakan biya tara. Aka kuma naɗa masu shiga gida-gida duba tsabta, har matan ƙauyen suka yi musu laƙabi da mafarautan kuɗin-cizo. Wanda ya mallaki aikin mutum da ɗakinsa da makarantar ɗansa, da wuya a ce masa a'a, ko da mai tausayi ne. Tausayin ma iyakarsa kwarin: audugar da ake kaɗawa, bayi ƴan asalin Afirka ne suka noma mafi yawanta a gonakin Amurka da tsibiran Karebiyan.

Owen ya tafi Amurka wajen 1825, masaƙun suka yi ta sauya hannu har aka rufe su a 1968. Garin da ya taɓa ɗaukar mutum kusan 2,500 ya soma zama kufai, domin ba shi da wata sana'a bayan auduga. A 1974 aka kafa wata ƙungiyar amintattu ta gyara gine-ginen, a 2001 kuma UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya. Har yau akwai iyalai a gidajen, sai dai yanzu masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da garin.